Regina Carter, Kiɗan Jaz da Gogen Kwarin Maraɗi

A shekarar 2010 wata makaɗiya Ba'amurkiya, Regina Carter, ta fitar da faifai mai suna Reverse Thread. An haife ta a Detroit a 1966, ta fara koyon gogen Turawa tun tana 'yar shekara huɗu, ta bi tafarkin kiɗan gargajiyar Turai kafin ta karkata ga jaz. A Disambar 2001 birnin Genoa na Italiya ya ba ta damar kaɗa gogen Paganini, wanda aka ƙera a 1743, alfarmar da ba a taɓa yi wa wani makaɗin jaz ba. A 2006 gidauniyar MacArthur ta ba ta kyautar dala 500,000. Da ta samu wannan sarari, sai ta duƙufa sauraron tsofaffin faifan Afirka. Ta ɗauko waƙoƙin Boubacar Traoré da Habib Koité na Mali, da na Yahudawan Uganda, ta gayyaci Yacouba Sissoko da korarsa, ta sake musu sabon zubi.

Kafin ita, Bafaranshe Jean-Luc Ponty ya yi makamancin haka a faifansa Tchokola na 1991, tare da makaɗan Kamaru da Senegal da wasu ƙasashen Afirka.

Duka faifan biyu aiki ne na gwanaye, kuma an yi su da mutunta masu kiɗan. Sai dai mai sauraro daga ƙasar Hausa zai lura da wani giɓi. Afirka ta ba da kora da ganguna da muryoyi, amma tsirkiyar da ake gogawa ɗaya ce tak, ta baƙon. Gogen da ya kamata ya amsa wa gogen Turawa bai halarci zaman ba.

Ba rashinsa aka yi ba. Kwarin Maraɗi, daga Tibiri zuwa Maraɗi har Jiratawa da Madarumfa, yana cikin wuraren da goge ya fi kafuwa. Dalilin na tarihi ne. Bayan jihadin 1804, sarakunan Katsina da suka rasa birninsu suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun taho da tsarin fadarsu, har da sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibiri, matan da ke shugabantar 'yan bori. Suka tarar da Anna manoma da nasu tsafin. Inda bori ya tsaya da ƙafarsa, mai goge bai rasa aiki ba. Wannan ne ya jawo Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda littafinta kan borin Maraɗi ya fito a 1972, da Veit Erlmann, wanda ya wallafa nazarinsa kan kiɗan bori a 1982.

A dubi kayan da kyau. Ƙoƙon duma ne aka rufe da fatar guza, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki a kan ɗan jakin da ke tallafe ta. Izgar ma gashin doki ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Makaɗin ba ya danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai yake yi da yatsu, shi ya sa sautin ke zamewa daga wannan murya zuwa waccan, yana hawa da sauka irin na maganar Hausa. A bayansa masu ƙwarya na riƙe da amo. Kowane iska da takensa: na Ɗan Galadima daban, na Sarkin Rafi daban, na Malam Alhaji daban. Taken gajere ne, amma mai goge zai yi ta juya shi, ya ƙara, ya rage, ya tsananta, idonsa na kan mai rawa, har abin da ake nema ya samu. Ginshiƙin jaz ke nan: ɗan gajeren jigo da kowa ya sani, da ƙirƙirar nan take a kansa.

Kamannin ba su tsaya a nan ba. A littafinsa Africa and the Blues na 1999, Gerhard Kubik ya kafa hujjar cewa salon bulus na kudancin Amurka, ɗaya daga tushen jaz, ya fi kusa da kiɗan yankin Sudan ta tsakiya, ƙasar Hausa a ciki, fiye da na gangunan bakin teku. Cikin shaidunsa har da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960.

To me ya hana goge fita duniya yadda kora ta fita? Laifin ba na baƙi ba ne kaɗai. Kora ta fito daga gidajen makaɗan fada masu daraja, gwamnatocin Mali da Gini kuma suka sa ta a ƙungiyoyin kiɗan ƙasa bayan samun 'yancin kai. Goge kuwa an jingina shi da bori da gidan magajiya da mashaya, malamai sun yi ta wa'azi a kansa tun zamanin jihadi. Kukuma, ƙanwarsa, ta ɗan samu sauƙi a hannun irin su Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam, don ta koma kiɗan biki da nishaɗi. Duk da haka uba ba ya murna in ɗansa ya ce goge zai koya. Damuwar malamai game da bori abu ce da ake fahimta, amma ƙoƙo da gashin doki ba su da aƙida. Juldeh Camara, Bafulatanin Gambiya, ya kai irin wannan goge mai tsirkiya ɗaya manyan dandamalin Turai tare da Justin Adams da Robert Plant, ba tare da wata girka ba.

Nijar ma ta san hanyar. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yacouba Moumouni ya kafa a 1995, ta haɗa sarewa da molo da kalangu da jitar lantarki, ta zaga duniya. Malam Maman Barka ya je gabar tafkin Chadi ya koyi biram wurin Boukar Tar lokacin da kayan ke dab da ɓacewa, ya koyar da shi a cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai kafin rasuwarsa a 2018. Goge bai kai ga halin biram ba tukuna, amma gwanayensa tsufa suke yi.

Aikin da ke gaban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da gidajen rediyon jihar a fili yake: su bi tsofaffin masu goge na Jiratawa da Tibiri da ƙauyukan kwari, su ɗauki takensu da sunayensu da izininsu, su biya su haƙƙinsu, sannan su zaunar da su da matasan da ke kaɗa jita da piyano a ɗakunan ɗaukar sauti na Maraɗi.