Takardar Rabon Ɗakuna Da Ke Cikin Kwamfutarka

A bara tsohuwar kwamfutar Baba ta ƙi tashi, alhali a cikinta yake ajiye lissafin bashin da yake bin masu sarin albasa a Mile 12. Na kinkime ta zuwa Ikeja. Mai gyaran farko ya ce sai dai a goge komai a sake zubi. Na biyu, wani dattijo, ya ce mini, "Kayan babanka na nan, takardar rabon ɗakuna ce ta lalace." Wannan maganar ce ta sa na bi diddigin tarihin abin.

Lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta PC a 1981, babbar manhajarta, wato DOS ta kamfanin Microsoft, ba ta san babban faifan ajiya ba. Ƙananan faya-fayan fulofi kawai ta sani, sai aka ba ramukansu biyu haruffan A da B. A 1983 aka fito da PC XT mai babban faifai na megabayit 10, tare da DOS 2.0. Tun da an riga an rabar da A da B, sai baƙon ya samu C. Yau fulofi ya zama tarihi, amma Windows na nan tana kiran faifanta C.

DOS 2.0 ce ta zo da FDISK, manhajar da ke yanka faifai ɗaki-ɗaki, kamar yadda mai gida ke raba gidan haya. Ana rubuta rabon a yanki na farko na faifan, mai bayit 512 kacal, wanda ake kira MBR. A ciki an ware bayit 64 don ɗakuna huɗu, kowanne bayit 16: inda ya fara, girmansa, irinsa, da ko daga shi za a tayar da kwamfuta. Idan ka kunna, wannan yankin ake fara karantawa. In ya lalace, kwamfuta ba ta san ƙofar ko ɗaki ɗaya ba.

A zamanin DOS kuma, kowane ɗaki yana da littafinsa mai suna FAT, wanda ke nuna inda guntayen kowane fayil suke. Idan ka goge fayil a DOS, harafin farko na sunansa ake sauyawa, a rubuta cewa wurinsa babu kowa. Bayanan na nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu.

Sai dai masu tsarin ba su zaci faifai zai yi girma da sauri ba. DOS na ƙirga yankuna da lambar da ba ta wuce 65,536, don haka ɗaki ba ya wuce megabayit 32. A DOS 3.3 ta 1987 an iya mayar da ɗaki ɗaya zaure, a yanka ƙananan ɗakuna a cikinsa: D, E, F. DOS 4.0 ta 1988 ta ɗage wancan shingen. Sai wani ya taso: ana neman wuri a faifai ne da lambobi uku, silinda da kan karatu da yanki, kuma wannan lissafin ya tsaya a megabayit 504 har aka gyara shi a shekarun 1990. Shi kansa MBR iyakarsa terabayit 2, shi ya sa sababbin kwamfutoci suka koma tsarin GPT, wanda ke ajiye kwafin takardar a ƙarshen faifai.

Ta Baba mai MBR ce. Dattijon ya binciki faifan, ya gano inda kowane ɗaki ya fara, ya sake rubuta bayit 64 ɗin nan. Lissafin ya dawo cif, Baba ya yi ajiyar zuciya.

Don haka 'yan uwa 'yan kasuwa, idan taku ta ƙi tashi, kada ku yarda a goge ta da gaggawa, kada kuma a zuba komai a kanta kafin a duba. Ni dai yanzu duk ranar Asabar nake kwafe lissafin Baba a filashi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.