Asalin Ilmin Zaman Jama'a: Daga Comte Zuwa Durkheim

Tun zamanin da ba a rasa masu nazarin zaman jama'a ba. A shekarar 1377 Ibn Haldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya bayyana yadda asabiyya, watau ƙarfin zumunta, kan kafa daula, da yadda jin daɗin birni kan rushe ta. Amma fannin da jami'o'i ke koyarwa da sunan ilmin zaman jama'a a Turai ya tsiro cikin ƙarni na 19, kuma rikici ne ya haife shi.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya kai ga tumɓuke sarauta da raunana coci. Masana'antu kuma suka kwashe manoma daga ƙauyuka zuwa birane irin su Mancesta, inda mutum kan yi maƙwabtaka da wanda bai san asalinsa ba. Tambayar da ta dami masana ita ce, idan al'ada da addini suka sassauta, me zai riƙe jama'a?

Auguste Comte ne ya raɗa wa fannin suna a ƙarshen shekarun 1830, yana fatan a gano dokokin zaman jama'a kamar yadda aka gano na taurari. Sai dai burinsa ya fi bincikensa yawa, har daga baya ya ƙirƙiro wani addini nasa na girmama ɗan Adam.

Emile Durkheim, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Bordeaux a 1887, shi ya mai da wannan buri aiki. A littafinsa na 1897 ya ɗauki kisan kai, abin da kowa ke ɗauka lamarin zuciyar mutum ɗaya ne, ya auna shi da alƙaluman hukumomi. Ya ga abin ya fi yawa tsakanin 'yan Furotesta bisa ga 'yan Katolika, da tsakanin gwauraye bisa ga magidanta, yakan kuma ragu lokacin yaƙi. Abin mamaki, yakan ƙaru ko da arziki ne ya bunƙasa farat ɗaya. Ya ƙudurta cewa sanadin yana ga ƙarfi ko raunin igiyar da ta ɗaure mutum da al'ummarsa.

Masanan baya sun soki alƙalumansa, suna ganin mai yiwuwa a yankunan Katolika akan ɓoye irin wannan mutuwa don gudun abin kunya. Sukar tana da ƙarfi, amma su ma da ma'auninsa suka auna shi.