Ƙaddara Ko Zaɓi? Waiwaye Kan Tarihin Wasan Sarki Odifus

Masu iya magana kan ce ƙaddara ta riga fata. Mu marubuta muna yawan fakewa da wannan magana duk lokacin da labari ya cije mana: sai mu kashe tauraro a haɗarin mota, mu ce kwanansa ne ya ƙare. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin wani wasan kwaikwayo da ya haura shekara 2,400 a duniya, domin mu ga yadda magabata a wannan fage suka haɗa ƙaddara da zaɓin ɗan Adam ba tare da ɗaya ta haɗiye ɗaya ba.

Wasan ban tausayi ya samo asali ne a birnin Atina na ƙasar Girka. A wajajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) aka fara gasarsa a bikin Diyonisus, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa na wancan zamani. Marubuta uku ke karawa kowace shekara, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da na raha guda. Maza zalla ke fitowa, fuskokinsu a rufe, ga kuma ayarin 'yan amshi masu rera sharhi kan abin da ke gudana.

Tun da wuri mutanen Atina suka gane kaifin wannan fasaha. Masanin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa bayan Farisawa sun ci birnin Miletus a shekara ta 494, wani marubuci mai suna Firinikus ya mayar da abin wasa. 'Yan kallo suka fashe da kuka, hukuma ta ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya fama musu gyambo, aka kuma hana sake nuna wasan. Galibin wasannin da suka iso gare mu daga tsofaffin hikayoyi aka ɗebo su, waɗanda kowa ya san ƙarshensu. Ke nan ɗan kallo ba ya zuwa don ya ji ko wane ne zai halaka. Yana zuwa ne ya ga ta wace hanya mutum zai kai kansa.

A wannan fage Sofokilis ya yi fice. Ya rubuta wasanni fiye da 120, amma bakwai kacal suka tsira cikakku. Masana da dama sun ajiye wasansa na Sarki Odifus a wajajen shekara ta 429, wato jim kaɗan bayan annobar da ta auka wa Atina a 430, wadda ta ci dubban rayuka, har da jagoran birnin, Ferikilis. In haka ne, mutanen da suka ga an buɗe wasa da talakawa suna kuka a ƙofar fada saboda annoba, ba su daɗe da binne nasu ba.

Ga yadda labarin yake. An yi wa Layus, sarkin Tibis, duba cewa ɗansa ne zai kashe shi. Da aka haifi yaron sai aka huda masa idon sawu, aka ba wani makiyayi ya yar da shi a kan dutse. Makiyayi ya ji tausayi, ya miƙa shi ga wani, har yaro ya tashi a fadar Korinti a matsayin ɗan sarki. Da ya girma, masu duba na Delfi suka ce masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya bar Korinti don kada hakan ta faru. A wata mararraba ya yi sa-in-sa da wani dattijo kan wa zai kauce, zuciya ta ɗebe shi ya kashe shi. Ya isa Tibis, ya warware kacici-kacicin dodon da ya addabi gari, aka ba shi sarauta da matar marigayi sarki, Jokasta. An gudu ba a tsira ba.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ya riga ya faru kafin a fara wasa. Sofokilis bai nuna mana ko ɗaya a dandali ba. Abin da ya sa a gabanmu yini ɗaya ne tak, yinin da sarki ya yi rantsuwar zaƙulo wanda ya kashe Layus domin a yaye wa gari annoba. Sau uku ana buɗe masa ƙofar tsira. Makahon boka Tiresiyas ya roƙi a bar shi ya koma gida da abin da ya sani. Jokasta, da ta gano bakin zaren, ta roƙe shi ya daina tono. Tsohon makiyayi ma sai da aka yi masa barazanar azaba kafin ya buɗe baki. A kowane karo Odifus ya zaɓi ya sani. Halin da ya ba shi sarauta, wato naci da kaifin basira, shi ne ya tuɓe masa rawani.

Haka kuma duban Delfi bai ambaci rataya ko makanta ba. Jokasta ce ta rataye kanta, Odifus kuma ya tsokane idanunsa da alluran adon tufafinta. Da kansa ya rarrabe wa 'yan amshi cewa masifar daga abin bautarsu Afolo take, amma hannun da ya soki idanun nasa ne. Bisa al'adar Girkawa ba a yi wannan a gaban jama'a ba, wani bafade ne ya fito ya ba da labari. Tauraron ma bai mutu ba, an bar shi ya rayu da abin da ya tono. Duk da haka wasan na biyu ya zo a gasa, Filokilis ne ya yi na ɗaya.

Bayan kusan ƙarni guda, Aristotal ya ɗauki wannan wasa a matsayin abin koyi a littafinsa kan fasahar waƙa. A ganinsa, tauraron da ya dace shi ne wanda ba waliyyi ba ne, ba kuma mugu ba, wanda ya faɗi saboda wani kuskure. Da littafin ya isa Bagadaza, Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a shekara ta 940 Miladiyya, ya fassara shi zuwa Larabci. Da yake Larabawan lokacin ba su san irin wannan dandali ba, sai ya kira wasan ban tausayi madahu, na ban dariya kuma hija'i, wato zambo. Ibn Rushdi ma a kan haka ya gina sharhinsa. Sai a 1949 Taufiƙ al-Hakim na Masar ya fito da nasa Odifus ɗin, yana neman daidaita labarin da tunanin Musulmi.

A nan gida Nijeriya, Ola Rotimi ya nuna wasansa The Gods Are Not to Blame a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya mayar da Odifus Sarki Odewale, ya kuma sauya dalilin kisan: rikicin gona ne, dattijon ya yi wa harshen ƙabilarsa ba'a, shi kuwa ya kasa haɗiye fushi. Taken wasan kansa hukunci ne, kuma 'yan kallon da 'yan'uwansu ke bakin daga sun san da wa ake.

Darasin da ke nan gare mu shi ne, mutuwar da ta faɗo daga sama tana iya sa mai karatu jimami, amma ba ta koya masa komai. Wadda ke zama a zuciya ita ce wadda muka ga mutum yana takawa zuwa gare ta da ƙafarsa, ana ja masa riga yana fizgewa, kuma dalilinsa na fizgewar ba na banza ba ne. Kafin mu kashe tauraro a labarinmu na gaba, ya kamata mu tambayi kanmu: ƙofa nawa muka buɗe masa, kuma me ya hana shi fita?