Crystal Eastman: Matar Da Ta Ƙirga Mamatan Masana'antu

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa ina so mu waiwaya zuwa ƙasar Amurka, domin mu tuna da wata mata mai suna Crystal Eastman, wadda ta yi amfani da alƙalami da lissafi ta tsaya wa ma'aikata, daga baya kuma ta tsaya wa zaman lafiya.

An haife ta a 1881 a jihar Massachusetts, kuma mahaifinta da mahaifiyarta duk limaman coci ne. Ta gama karatun lauya a Jami'ar Niyu Yok a 1907, zamanin da mace ba ta da ikon jefa ƙuri'a a yawancin jihohin ƙasar. Tana gamawa sai aka ɗauke ta aikin bincike a Pittsburgh, birnin da ya yi fice wajen narkar da ƙarfe.

Abin da ta yi a can shi ne ta bi diddigin duk ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki a gundumar Allegheny, inda birnin yake, daga Yulin 1906 zuwa Yunin 1907. Sai ta samu mutum 526. Wasu a masana'antar ƙarfe suka mutu, wasu a ramin haƙar kwal, wasu kuma a hanyar jirgin ƙasa. Da ita da abokan aikinta sun duba takardun binciken gawa, sun shiga gidajen mamatan, sun tambayi matan da aka bari yadda suke ci da marayu. Iyalai da dama ko kwabo ba a ba su ba, wasu kuwa abin da aka ba su bai wuce kuɗin jana'iza ba.

To, me ya sa haka? A wancan zamani idan aka kai ƙara, mai masana'anta yana da mafaka uku a gaban alƙali. Ko ya ce sakacin mamacin ne, ko ya ce laifin abokin aikinsa ne, ko kuma ya ce ai tun ranar da mutum ya karɓi aikin ya yarda da haɗarin da ke cikinsa. Da wuya matar mamaci ta tsallake waɗannan shingaye uku. A littafinta Work-Accidents and the Law, wanda ya fito a 1910, Crystal ta nuna cewa yawancin haɗurran ba sakacin ma'aikaci kaɗai ya jawo su ba. Akwai injin da ba a killace ba, da doguwar ranar aiki, da gaggawar da ake sa mutane. Hujjarta ita ce, tunda masana'anta ke kwashe riba, bai kamata a bar gwauruwa da marayu su kaɗai da asara ba.

Gwamnan Niyu Yok, Charles Evans Hughes, ya sa ta cikin hukumar da ta duba wannan matsala, ita kaɗai ce mace a ciki. Daga aikinsu aka samu dokar biyan diyya ta 1910. Amma ranar 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke dokar, ta ce ta taɓa haƙƙin masu dukiya. Kashegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle, ta ci rayuka 146, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe, waɗansunsu saboda an kulle ƙofar fita. A 1913 aka gyara tsarin mulkin jihar, aka sake kafa dokar diyya.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ta ga tambayar ba ta sake ba: wa ke yanke shawara, wa kuma ke biya da ransa? A 1915 tana cikin matan da suka kafa Jam'iyyar Mata ta Zaman Lafiya tare da Jane Addams. A 1916, lokacin da sojojin Amurka da na Maksiko suka yi arangama a Carrizal, ƙungiyarta ta masu adawa da shirin yaƙi ta buga bayanin wani hafsan Amurka a jaridu, wanda ya nuna cewa ɓangarensu ne ya matsa har aka gwabza. Jama'a suka yi ta aika wa Shugaba Wilson saƙonni, ƙura ta lafa. Sai dai ba ta iya hana ƙasarta shiga babban yaƙin a 1917 ba. A shekarar, ita da Roger Baldwin suka buɗe ofishin kare waɗanda suka ƙi ɗaukar bindiga, wanda ya zama ƙungiyar ACLU a 1920.

Bayan mata sun samu 'yancin zaɓe a 1920, ta ci gaba da neman a daidaita albashinsu da na maza. Ciwon ƙoda ya yi ajalinta a 1928, tana da shekara 47, aka kuma daɗe ba a ambatonta.

'Yan uwana marubuta, abin lura a nan shi ne, kafin Crystal ta rubuta layi ɗaya sai da ta taka da ƙafarta, ta tambaya, ta ƙirga. Shi ya sa masu masana'antu suka kasa ƙaryata ta. Wanda yake so rubutunsa ya share wa wani hawaye, to ya fara zuwa gidan mai kukan tukuna.