Kilimanjaro: Waiwaye Kan Tarihin Hawansa

Dutsen Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakarta da Kenya, kuma duk faɗin Afirka babu wanda ya kai shi tsawo, domin ƙololuwarsa ta kai mita 5,895 sama da teku. Asalinsa dutse ne mai aman wuta, mai kawuna uku: Shira da Mawenzi da Kibo, wanda shi ne babbansu. Mai hawa yakan faro daga gonakin ayaba da gahawa na al'ummar Chagga, ya ratsa kurmi, ya fita wani fili mai kama da hamada, sannan ya tarar da ƙanƙara, alhali yana tsakiyar yankin zafi.

Wannan ƙanƙara ce ta fara jawo gardama. A shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya hango ta ya ba da labari. Sai wani masanin labarin ƙasa a Landan, William Cooley, ya ƙaryata shi, bai kuwa taɓa taka wurin ba. Mu mun san gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya yi shekaru yana korar gani. Mutanen Chagga, waɗanda kullum suke kwana su tashi da dutsen a gabansu, ba su shiga lissafin masu gardamar ba.

Hans Meyer, shi ma Bajamushe, sau uku yana gwadawa. A 1887 ƙanƙara ta mayar da shi. A 1888 tawayen Abushiri ya rutsa da shi tun bai isa dutsen ba, sai da aka fanshe shi. Ranar 6 ga Oktoba, 1889, ya kai ƙololuwar Kibo tare da Ludwig Purtscheller, mutumin Ostiriya, ya raɗa mata sunan sarkin Jamus, Wilhelm, har ya ɓantaro dutse ya kai masa tsaraba. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, 'yan dako baƙar fata ne suka yi ta hawa da abinci zuwa zangonnin da ke sama, amma sunayen Turawan biyu kaɗai ɗalibai ke haddacewa.

Da Tanganyika ta sami mulkin kai a watan Disamba na 1961, wani hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya hau da tuta da wutar 'yanci, aka kuma sauya wa ƙololuwar suna zuwa Uhuru, wato 'yanci da harshen Suwahili. Ita kuwa ƙanƙarar da Cooley ya musanta, daga 1912 zuwa yau fiye da kashi 80 cikin ɗari nata ya ɓace.