Hajiya Gambo Sawaba da Amfanin Saɓani

Iyayena, yayyena da ƙannena mata, musamman ku da ke cikin gida a Palladan da Samaru da Sabon Gari.

Da yawa daga cikinmu, da zarar an ambaci siyasa sai mu ce, "Allah Ya raba mu da rigima." Amin. To amma duk saɓani ne ɓarna? Ba sai mun je Ingila ko Amurka neman amsa ba, tana nan kusa da mu.

A Sabon Garin nan namu Hajiya Gambo Sawaba ta tashi. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo bayan tagwaye. Tun tana da ƙuruciya ta shiga NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. A zamanin NPC ce ke da ƙarfi a Arewa, sarakuna da En'e suna bayanta. NEPU ta ce talaka yana da ikon ya ce bai yarda ba. Gambo ta ce ai mace ma haka.

Kun san abin da ya fara kai ta gidan yari a Kano? Shiga gida-gida take tana magana da matan kulle, irinku ɗin nan. Alƙali ya ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. A tarihinta an ƙirga ɗauri har sau 16, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan banga.

Ga abin da ake jayayya a kai. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa ko kati ba su da shi. Shugabannin NPC suka ce al'ada ba ta yarda ba, lokaci bai yi ba. Kada ku ɗauka duk mugaye ne. Cikinsu akwai dattawan kirki da ke ganin mutuncin mace suke karewa. Amma 'yar'uwa, in kowa ya yi shiru, wa zai ce lokacin ya yi?

Ki duba gidanki. Gidan da ba a taɓa jin muryar kowa sai ta mutum ɗaya, ba lallai zaman lafiya ake ba, wataƙila tsoro ne. Gidan da za a ce rabon girki bai yi daidai ba, a zauna a gyara, gobe a ci tuwo tare, shi ya fi daɗewa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Dimokuraɗiyya ba ta yi alkawarin bakin mutane zai zo ɗaya ba. Abin da ta tanada shi ne hanyar da za a saɓa ba a zubar da jini ba: mai adawa ya faɗi ra'ayinsa ya kwana a ɗakinsa, wanda ya sha kaye ya jira wani zaɓen.

Nan ne siyasar wancan zamani ta gaza. Maimakon a amsa magana da magana, sai aka amsa da sanda da kurkuku, samarin NEPU su ma suna ramawa. A Janairun 1966 soja suka karɓe mulki, aka kashe Sardauna, daga baya aka soke jam'iyyu gaba ɗaya. Gardamar 'yan siyasa ta mutu, amma a 1967 sai ga yaƙin basasa.

Wani abin mamaki, gwamnatin soja ce ta Janar Obasanjo ta buɗe wa matan Arewa ƙofa, a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan suka shiga babban zaɓe a 1979. Ni dai a ganina ba kyauta aka yi mana ba. Sama da shekara 20 su Gambo suna nanata magana guda, har kunne ya saba da ita.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoba na 2001. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan, wanda wasunku ke zuwa awon ciki, sunanta aka sa masa.