Ɗiban Gwamna: Manoman Kudancin Katsina da Sansanonin Kuza, 1942–1944

In aka ambaci sansanonin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa suka fi sani da Yaƙin Hitila, hankali yakan tafi ƙasar Jamus. A sansanin Dachau wani likita, Claus Schilling, ya sa wa fursunoni fiye da 1,000 zazzaɓin cizon sauro da gangan, domin ya gwada magani a jikinsu. An rataye shi cikin 1946. A shekarar da ta biyo, alƙalan da suka yi wa likitocin Jamus shari'a a Nuremberg suka kafa ƙa'ida, cewa ba a yin gwaji a jikin ɗan Adam sai da yardarsa.

Ƙasar Hausa ba ta ga irin wannan ta'asa ba, kuma rashin adalci ne a daidaita su. Amma fa ita ma ta san sansani a wannan yaƙi, ta kuma san yadda hukuma kan yi da jikin talaka ba da yardarsa ba.

Asalin abin kuwa daga nesa yake. Farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingilishi ke samun yawancin kuzarsu, sai ido ya komo kan tuddan Jos. Tun 1931 Ingila ta amince da yarjejeniyar duniya wadda ta hana aikin tilas, sai dai yarjejeniyar ta keɓe lokacin yaƙi. Ta wannan kafa gwamnatin Gwamna Bourdillon ta bi. Aka yanka wa larduna adadin mazan da za su kawo, Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya gaya wa hakimai, su kuma suka ɗora wa dagatai. Kafin a daina, an kwashi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, kowane rukuni ya yi kamar wata huɗu.

Sunan da talakawa suka ba wannan al'amari ya isa a tsaya a kansa, watau ɗiban gwamna. A Hausa ana ɗiban ruwa a rijiya, ana ɗiban hatsi a rumbu. Abin da ake ɗiba abu ne mai yawa, wanda ba a san ɗaya daga ɗaya ba, ba a kuma tambayarsa. Mutum kuwa kiransa akan yi, ko a aike shi, ko a gayyace shi, kamar yadda akan yi gayya ranar noma. Da suka ce an ɗebe su, sun faɗi matsayin da aka ajiye su, cikin kalma guda.

Ga ƙasar Maska, inda Funtuwa take, da ƙasar Galadima ta Malumfashi, nauyin biyu ne. Ƙasar auduga ce da dawa, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga gwamnati tana matsa wa manoma su ƙara noma saboda yaƙi. Magidancin da aka ɗauke wata huɗu, in abin ya faɗo da damina, gandunsa ya tafi ke nan. Hanyar jirgin da ke kai auduga Zariya, daga can ƙaramin jirgi ke hawa zuwa Jos.

A sansanonin, mutanen da suka saba da zafi suka tarar da sanyin dutse, ga ƙarancin abinci, ga bukkoki a cunkushe, ga tsayuwa cikin ruwa ana wanke kuza. Ciwon huhu da gudawa suka kashe da yawa, musamman wajen aikin madatsar ruwa ta Tenti. Waɗansu da dama suka gudu da ƙafa. Kuzar da aka ƙaru da ita ba ta kai abin da aka sa rai ba, 'yan majalisa a London suka yi ta tambaya, aka soke ɗiban cikin 1944, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu.